Patty Duke: Tauraruwar Da Ake Wa Tafi Tana Fama Da Ciwo

A daren 8 ga Afrilun 1963, a birnin Santa Monica da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, aka kira wata yarinya 'yar shekara 16 ta hau dandamali ta karɓi kyautar Oscar, lambar yabon da babu kamarta a harkar fim ta ƙasar. Ta karɓa, ta ce ta gode, ta sauka. Iyakar jawabinta ke nan. Har zuwa wannan dare ba a taɓa samun mai ƙarancin shekarunta da ya ci kyautar a gasa ba, kuma sai bayan shekara 11 wata yarinya mai suna Tatum O'Neal ta karɓe mata wannan kambu.

Jama'ar da suka cika zauren suna tafi sun san ta da Patty Duke. Ba su san cewa sunan ma laƙaba mata shi aka yi ba. Ba su san kuɗin da take samu ba a hannunta suke kwana ba. Ita kanta kuwa ba ta san akwai wani ciwo da ke tafe ba, wanda sai ya yi kusan shekara 20 yana wahalar da ita kafin likita ya gane shi.

An haife ta a birnin New York ranar 14 ga Disamban 1946, aka raɗa mata suna Anna Marie Duke. Ita ce auta cikin 'ya'ya uku. Mahaifinta direban tasi ne mai taɓa ƙananan gyare-gyare, amma giya ta riga ta ci ƙarfinsa. Mahaifiyarta mai karɓar kuɗi ce a wurin ciniki, tana fama da matsanancin ciwon damuwa, in abin ya motsa kuma yara su sha duka. Anna tana da shekara 6 uban ya bar gidan. Tana da kamar shekara 8 aka miƙa ta ga wasu mata da miji, John da Ethel Ross, waɗanda sana'arsu ita ce nema wa yara aikin wasan kwaikwayo su cire kasonsu. Da ma su ne ke riƙe da yayanta namiji, suna neman yarinya mace da za su ƙara.

Da ta shiga hannunsu, sai suka shiga sāke ta tun daga tushe. Suka kankare mata karin harshen unguwar talakawa da ta tashi da shi. Suka rage mata shekara biyu a takardun neman aiki, don yarinya ƙarama mai wayon manya ta fi tsada a kasuwar. Suka ƙara mata ayyukan da ba ta taɓa yi ba a cikin tarihinta. Sannan suka zo kan suna. A lokacin akwai wata yarinya, Patty McCormack, da tauraronta ke haskawa, sai suka ga sunan Patty zai fi shiga kunne. Kamar yadda ta ba da labari daga baya, matar ce ta sanar da ita cewa Anna Marie ta mutu, daga yau ita Patty ce. Ba a tambayi yarinyar ba, ba ta kuma da bakin musu.

A hankali ta koma gidansu da zama gaba ɗaya. Su ke faɗa mata abin da za ta saka, da abin da za ta ci, da abin da za ta faɗa wa 'yan jarida. A cewarta, su suka fara ba ta giya da ƙwayoyi tun ba ta gama girma ba, wasu don ta farka ta yi aiki, wasu don ta yi barci, kuma ta ce sun ci zarafinta ta hanyar da ba ta dace da yaro ba. Mahaifiyarta takan zo gidan, amma wanki take zuwa yi wa masu gidan, a nan uwa da 'ya suke ganin juna. Uban kuwa ba ta sake zama da shi ba har ya bar duniya.

Yadda suka horar da ita ya fito fili a wani al'amari da ya girgiza Amurka a ƙarshen shekarun 1950. Ta shiga wani shirin kacici-kacici na talabijin ta ci dala 32,000, kuɗi mai yawan gaske a wancan zamani. Daga baya asiri ya tonu cewa masu shirya irin waɗannan gasanni suna sanar da wasu 'yan takara amsoshi tun kafin a hau. Majalisar dokokin ƙasar ta buɗe bincike, aka kira manya da yara su ba da shaida, har da ita. An koya mata abin da za ta faɗa, ta fara faɗa, amma da aka sake tambayarta ko gaskiya ta faɗa sai ta fashe da kuka ta amsa cewa an shirya ta.

Sai dai duk da wannan riƙo, baiwar yarinyar ta gaske ce, kuma wasan da ya nuna haka shi ne The Miracle Worker, wanda William Gibson ya rubuta, Arthur Penn ya ba da umarni. Labarin Helen Keller ne, wadda aka haifa a garin Tuscumbia na jihar Alabama a 1880, ta kamu da rashin lafiya tana da wata 19, ta rasa gani da ji. Ta tashi ba ta san abubuwa suna da suna ba, sai duka da cizo da jifa, har wata matashiyar malama, Anne Sullivan, ta zo gidansu a 1887 ta shiga rubuta mata haruffa da yatsa a tafin hannu. Ranar da abin ya buɗe mata, a bakin famfo ne: ruwa na zuba a hannu ɗaya, malamar na rubuta sunansa a ɗayan.

Kafin a je gwaji, masu riƙonta sukan ɗaure mata ido su sauya wa kujeru da tebura wuri, su bar ta ta yi ta lalube tana karo da su. Ta samu aikin. An buɗe wasan a Broadway, unguwar manyan gidajen wasan dandamali ta New York, a watan Oktoban 1959, tana da shekara 12, aka yi ta nuna shi har Yulin 1961. Anne Bancroft ce ta fito a matsayin malamar. Kusan duk tsawon wasan yarinyar ba ta furta magana, da jiki da fuska take komai. Akwai wurin da malama da ɗaliba suke kokawa a ɗakin cin abinci a kan sai yarinya ta ci da cokali ta naɗe adiko, ana mari, ana jan gashi, ana watsi da faranti da ruwa, dare bayan dare. Kafin a gama nuna wasan an ɗaga sunanta sama da sunan wasan a allon ƙofar gidan, girmamawar da manyan taurari kaɗai ake yi wa. A 1962 aka mayar da wasan fim da su biyun, kuma a dare ɗaya kowaccensu ta ci Oscar.

Daga nan sai talabijin. Marubuci Sidney Sheldon, wanda daga baya ya shahara da littattafan labari, shi aka ba aikin ƙirƙiro mata shiri nata na kanta. Ya zauna da ita na ɗan lokaci don ya fahimci halinta, sai ya lura kamar mutum biyu ne a jiki ɗaya: wani lokaci ga surutu da rawar kai, wani lokaci shiru da sanyin jiki. A kan wannan ya gina The Patty Duke Show, wanda tashar ABC ta fara nunawa a Satumban 1963. Ita ce ke fitowa a matsayin Patty Lane, 'yar Brooklyn mai son kiɗa da jawo rigima, ita ce kuma Cathy Lane, 'yar baffanta mai natsuwa da ladabi da ta zo daga Sikotilan, kamarsu ɗaya sak. Akan ɗauki hoton sau biyu a haɗa gefe da gefe, ko a sa wata ta juya baya a madadin ɗayar. Shirin ya yi shekara uku, kashi 104. Abin da Sheldon ya gani ya mayar abin dariya, shi ne daga baya likitoci za su kira alamar ciwo, amma a lokacin ba wanda ya kawo haka a ransa.

A New York aka fara ɗaukar shirin maimakon Hollywood, kuma da dalili. Dokokin Kalifoniya sun ƙayyade awoyin da yaro zai yi yana aiki, kuma tun 1939 jihar ta yi dokar da ake kira da sunan Jackie Coogan, wani yaron fim da ya girma ya tarar mahaifiyarsa da mijinta sun cinye dukiyarsa. A New York kuwa dokar aikin yara ba ta da wannan tsanani, ana iya sa yarinya aiki tun safe har dare. Sai da ta cika shekara 18 aka mayar da aikin Los Angeles. A tsakanin nan har waƙa aka sa ta yi, ɗaya daga cikin waƙoƙinta ta shiga jerin goma na farko a ƙasar a 1965.

Da ta cika 18 ɗin ta raba gari da masu riƙonta. Ta nemi lissafin abin da ta tara tun tana ƙarama, ta tarar mafi yawansa ya tafi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

'Yancin bai zo mata da kwanciyar hankali ba. A 1965 ta auri Harry Falk, wani mai ba da umarni da ya girme ta da shekara 13, kuma a cikin wannan aure ne ciwon ya bayyana sosai. Takan yi makonni a kwance tana kuka, ba ta ci, har ta rame ta lalace. Sai kuma abin ya juya, barci ya ƙaurace mata, magana ta yi ta zuba, ta kashe kuɗi ba lissafi, ƙaramin abu ya tunzura ta ta yi ta fashe-fashe. Ta yi yunƙurin kashe kanta fiye da sau ɗaya, an kuma kwantar da ita a asibiti. A 1967, don ta nuna ta wuce wasan yara, ta fito a fim ɗin Valley of the Dolls a matsayin mawaƙiyar da giya da ƙwaya suka lalata. Fim ɗin ya kawo kuɗi, masu sharhi kuma suka yi masa kaca-kaca. Auren ya mutu kafin shekarun 1960 su gama fita.

Shekarar 1970 ita ce ta fi tona mata asiri. Ta ci kyautar Emmy, wadda ita ce babbar lambar yabon talabijin a Amurka, saboda fim ɗin My Sweet Charlie, inda ta fito a matsayin farar yarinya mai ciki da ta gudu daga gida ta haɗu da wani baƙar fata lauya mai gudun tsira. Da ta hau karɓa, sai ta yi ta magana ba kai ba gindi, tana tsayawa tana zare ido, ƙasa gaba ɗaya na kallo. Kowa ya yanke hukunci cewa a buge take. A wannan shekarar jaridun tsegumi suka sa ta gaba a kan soyayyarta da Desi Arnaz ƙarami, ɗan shahararriyar mai barkwanci Lucille Ball, wanda yake da shekara 17 ita tana da 23. A wannan shekarar kuma ta auri wani mutum da ba ta daɗe da saninsa ba, auren ya yi kwana 13 aka warware shi. A Fabrairun 1971 ta haifi ɗa namiji, Sean.

Abin takaici shi ne, a wannan shekara ta 1970 ne hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a riƙa amfani da litiyam wajen maganin irin ciwonta. Wani likita ɗan Ostireliya, John Cade, ya riga ya nuna amfaninsa tun 1949. Magani yana nan a kanti, amma sai da ta ƙara shekara 12 kafin a gane ita ce mai buƙatarsa.

A 1972 ta auri John Astin, ɗan wasan da aka sani a shirin The Addams Family. Ya ɗauki Sean a matsayin ɗansa ya ba shi sunansa, suka haifi Mackenzie a 1973, ga kuma 'ya'yansa uku na auren fari, gida ya cika da yara maza biyar. A wurin aiki ba ta da tsara. Ta ci Emmy ta biyu a 1977 da shirin Captains and the Kings. A 1979 aka sake yin The Miracle Worker don talabijin, wannan karon ita ce malama Anne Sullivan, Melissa Gilbert kuma ta hau matsayin Helen, ta ci Emmy ta uku da shi. A gaban kyamara tana iya riƙe kanta tsaf. In ta koma gida ne abin ke ɓallewa, kuma da bakinta ta amsa daga baya cewa yaran sun sha wuya a hannunta, ba su san da wace uwa za su wayi gari ba.

A 1982, tana da shekara 35, likitan ƙwaƙwalwa ya gaya mata abin da ke damunta: ciwon hawa da saukar yanayin zuciya, wanda a yau ake kira baifola. Mai wannan ciwo yana kaiwa da komowa ne tsakanin hali biyu. A ɗaya, ƙarfi ya yi masa yawa, ya daina jin barci, tunani ya riƙa gudu, ya ji babu abin da ya fi ƙarfinsa, ya yanke shawarar da zai yi shekaru yana biyan bashinta. A ɗayan, duniya ta yi masa baƙi, ko tashi daga gado ya gagara. Tsakanin biyun yakan yi watanni lafiya lau, shi ya sa na kusa da shi suke ɗauka iskanci ne ko mugun hali. Yawanci ciwon yakan fara ne a ƙarshen ƙuruciya ko farkon girma, yana kuma bin jini. Sau da yawa marar lafiya yakan je asibiti ne lokacin da yake ƙasa, a ba shi maganin damuwa kaɗai, wanda kan iya ingiza shi sama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 40 ne ke da ciwon a 2019.

Ita ba ta ji labarin a matsayin musiba ba. Ta sha faɗa cewa sauƙi ta ji, domin ta gane ashe ba muguwa ba ce, marar lafiya ce, kuma ciwon yana da magani. Aka ɗora ta a kan litiyam. Maganin ba ya warkarwa, daidaita yanayi yake yi, ya rage tsayin hawan da zurfin faɗuwar. Yana kuma da sharaɗi: tazarar da ke tsakanin adadin da ke amfani da wanda ke cutarwa kaɗan ce, don haka dole a riƙa auna jini lokaci zuwa lokaci, a duba ƙoda da maƙoshi. Ta riƙe maganin, ta haɗa da zaman tattaunawa da likita. Bai ceci aurenta da Astin ba, sun rabu a 1985, amma ya mayar mata da ragamar kanta.

A 1985 ɗin 'yan wasan fim da talabijin na Amurka suka zaɓe ta shugabar ƙungiyarsu, Screen Actors Guild. Ita ce mace ta biyu da ta hau kujerar, bayan Kathleen Nolan, ta riƙe ta har 1988. Yarinyar da masu riƙo suka cinye wa kuɗin aikinta ita ce yanzu ke zama gaban manyan kamfanoni a madadin dubban abokan sana'arta. Melissa Gilbert ma ta hau wannan kujera a 2001. A 2025 kuma ɗan Patty, Sean Astin, wanda duniya ta sani da Samwise a finafinan The Lord of the Rings, ya zama shugaban ƙungiyar, bayan ta haɗe da ta ma'aikatan rediyo da talabijin.

Patty tana kan wannan kujera ta yi abin da ya fi duk kyaututtukanta nauyi. A 1987 ta fitar da tarihin rayuwarta, Call Me Anna, wato ku kira ni Anna, wanda ta rubuta tare da ɗan jarida Kenneth Turan. Ba ta ɓoye komai ba: gidan su Ross, ƙwayoyi, yunƙurin kashe kai, asibiti, sunan ciwon da sunan maganin. A wancan zamani ɗan wasa ya fito ya ce yana da taɓin ƙwaƙwalwa kasada ce babba, domin kamfani na iya gudunsa, ba wanda ke son zuba kuɗi a kan wanda ake tsoron zai birkice ana tsakiyar aiki. Tana cikin taurarin farko da suka yi wannan magana a fili da sunansu. Littafin ya samu kasuwa sosai. A 1990 aka mayar da shi fim na talabijin, ita da kanta ta fito a matsayin kanta a kashin girmanta, ta sake taka ranakun da kowa zai so ya manta.

A 1992 ta fitar da littafi na biyu, A Brilliant Madness, tare da Gloria Hochman, marubuciya kan harkar lafiya. Tsarinsa na musamman ne: ita ta faɗi yadda ciwon yake daga ciki, abokiyar rubutunta ta bayyana abin da likitoci suka sani game da shi, da magunguna, da abin da iyalin marar lafiya za su yi. Daga nan ta zama mai yawon wayar da kai. Ta je gaban 'yan majalisa a Washington tana neman a ƙara kuɗin bincike, ta yi aiki da cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasar da ƙungiyar iyalan marasa lafiya da ake kira NAMI. Saƙonta bai da wuyar fahimta: wannan ciwo ne kamar ciwon suga, a je asibiti, a sha magani, kada a daina don an ji sauƙi.

Ba ta bar wasa ba. Ta fito a matsayin Martha, matar George Washington, a 1984, da kuma mace ta farko shugabar Amurka a wani shirin barkwanci na 1985. A wurin ɗaukar wani fim na sojoji ne ta haɗu da sajan ɗin da aka ba aikin koya mata faretin soja, suka yi aure a Maris na 1986. Daga baya suka bar hayaniyar Los Angeles suka koma arewacin jihar Idaho, ƙasar duwatsu da tafkuna, inda maƙwabta suka san ta da Anna. A 2004 aka sa mata tauraro a titin girmamawa na Hollywood. A 2011, a birnin Spokane da ke kusa da su, ta sake komawa ga The Miracle Worker, wannan karon ita ce mai ba da umarni, ita ke nuna wa wata yarinya yadda ake lalube cikin duhu, ba tare da an mallake ta ba.

Ta rasu ranar 29 ga Maris na 2016 a garin Coeur d'Alene, bayan hanjinta ya fashe guba ta shiga jini. Tana da shekara 69. Shekara 34 daga ciki ta yi su ne da sanin ciwonta da shan maganinsa, kuma a cikinsu ne ta shugabanci ƙungiya, ta rubuta littattafai, ta ga jikokinta. Ciwon bai taɓa barin jikinta ba. Amma matar da ta yi auren kwana 13 lokacin da ba a san abin da ke damunta ba, ita ce ta mutu a ɗakin aurenta na ƙarshe bayan shekara 30 cif.